Kurakuran da Masu Tattaki a Daji Suke Kwasowa Daga Fina-finan Tsira da Rai, da Yadda Za a Gyara Su

Fina-finan da ake shiryawa a kan mutanen da suka maƙale a ƙungurmin daji, ko a kan tsauni, ko a tsakiyar hamada, sannan suka kuɓuta da ƙyar, suna da farin jini ƙwarai a wajen matasa, kuma sun taka rawa sosai wajen kwaɗaitar da mutane fita tattaki da hawan duwatsu. Da yawa daga cikinsu an gina su ne a kan abin da ya faru da gaske, shi ya sa mai kallo yake tashi da jin cewa ya ƙaru da wani ilimi da zai amfane shi wata rana. Sai dai mai shirya fim yakan kashe mafi yawan lokacinsa a kan wahala da jarumtar da suka biyo bayan hatsari, domin a nan ne hankalin mai kallo yake tashi, shi kuwa kuskuren da ya jefa mutumin cikin wannan hali, wanda galibi tun daga gida ko a bakin hanya aka tafka shi, cikin minti biyu ake wuce shi. Waɗannan minti biyun su ne suka fi shafar wanda yake shirin ɗaukar jaka ya shiga daji, kuma a kansu ne ya kamata ya tsayar da hankalinsa.

Fita ba tare da an san inda ka nufa ba

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma babu labarin da ya fito da shi fili kamar na Aron Ralston, wanda aka shirya fim ɗin 127 Hours a kansa a 2010. A ranar 26 ga Afrilu, 2003, Ralston, yana ɗan shekara 27, ya shiga wani matsattsen kwazazzabo mai suna Bluejohn a jihar Utah ta Amurka shi kaɗai. Yana cikin sauka sai wani dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya goce ya danne masa hannun dama a jikin bangon kwazazzabon. Ruwan da ya rage a gorarsa bai kai rabin lita ba. Ya kwana biyar a tsaye a wurin, a ƙarshe ya karya ƙasusuwan hannunsa, ya yanke shi da wata 'yar wuƙa mai arha wadda ta riga ta dakushe, ya sauka gangaren da ya kai mita 20 da igiya, sannan ya yi tafiyar kilomitoci kafin ya gamu da wasu iyali 'yan ƙasar Holan. Abin da masu kallo suke tunawa shi ne yankan hannun. Amma Ralston gwanin hawan dutse ne, gocewar dutsen kuwa ƙaddara ce da za ta iya faɗa wa kowa. Abin da ya mayar da ita kwana biyar na azaba shi ne bai gaya wa kowa inda za shi ba, ta yadda ko da aka lura bai zo wurin aiki ba, mahaifiyarsa da abokansa ba su ma san jihar da za su fara nema ba.

Gyaran wannan ba ya cin ko sisi, sai dai dole a yi shi da kyau, domin cewa "na tafi hawan dutse" ba bayani ba ne. A rubuta saƙo ga mutum ɗaya mai hankali wanda aka tabbata zai tashi tsaye, kuma a yi masa dalla-dalla, kamar haka: "Yaya, gobe Asabar da asuba za mu shiga ta ƙauye kaza, mu uku, za mu bar mota a ƙofar gidan mai unguwa, ga lambarta. Za mu bi hanyar gabas mu sauko ta inda muka hau. Ina sanye da jar riga. In sha Allahu da la'asar mun sauko. Idan ƙarfe takwas na dare ya yi ba ka ji daga gare ni ba, kada ka jira safiya, ka kira wannan lambar." Jimla ta ƙarshe ita ce ran saƙon, domin iyali sukan ɓata yini guda suna kyautata zato, suna cewa wataƙila cajin waya ne ya ƙare. Idan kuma aka canja hanya a bakin daji, to, a sake aika saƙo kafin sabis ya ɗauke, don kada masu nema su ɓata kwanaki a inda ba a bi ba.

Ganin cewa shiri rauni ne

Fina-finai suna son jarumin da ya yar da komai ya fuskanci daji da ƙirjinsa, kuma labarin Christopher McCandless, wanda aka mayar fim mai suna Into the Wild a 2007, ya sa matasa da dama sun ɗauki rashin shiri a matsayin wata irin tsarkin zuciya. A ƙarshen Afrilun 1992 McCandless ya bi hanyar Stampede a jihar Alaska ta Amurka da shinkafa kilo huɗu da rabi da ƙaramar bindiga, ya tsallaka kogin Teklanika lokacin da ruwansa bai taka kara ya karya ba, ya zauna a cikin wata tsohuwar bas da aka yasar a dajin. A farkon Yuli ya yanke shawarar komawa gida, sai ya tarar kogin ya cika ya batse da narkakkiyar ƙanƙara, ya juya ya koma bas ɗin, inda yunwa ta kashe shi a watan Agusta. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasa da kilomita ɗaya daga inda ya tsaya a bakin kogin akwai wata igiyar ƙarfe mai kwando da ma'aikatan auna ruwa suka ɗaura don tsallakawa, kuma tana nan a kan cikakkiyar taswirar yankin, wadda shi bai ɗauko ba.

Darasi biyu ne a nan, kuma na biyun ya fi ɓoyuwa. Na farko, a riƙe taswirar takarda mai nuna tudu da gangare, da kamfas, a kuma koyi aiki da su tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Taswirar waya tana da amfani idan an sauke ta kafin a fita, amma waya takan mutu, takan faɗa ruwa, sanyi kuma yana zuƙe batir da sauri. Na biyu, hanyar da aka bi aka shiga ba lalle ne ta tsaya yadda aka bar ta ba. Ƙoramar da aka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu tana iya zama kogi da yamma, ko da kuwa ɗigon ruwa ɗaya bai sauka a inda mutum yake ba, matuƙar an yi ruwa a can sama. Haka ya faru a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona a watan Agustan 1997, inda ambaliyar da ta taso daga ruwan da aka yi a nesa ta kashe masu yawon buɗe ido 11. Duk wanda ya san yadda busasshen rafi yake tumbatsa cikin ɗan lokaci da damina a ƙasarmu ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Saboda haka ba a yada zango a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa, kuma idan ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, jira ya fi tsallakawa. In ya zama dole a tsallaka, a nemi inda kogin ya yi faɗi ruwan ya rarrabu, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita idan an faɗi, a fuskanci inda ruwan yake tahowa, a dogara sanda, kuma kada a cire takalmi.

Tafiya bayan an ɓata

A fim, wanda ya ɓata ba ya zama, domin kallon mutum yana zaune a gindin itace ba ya riƙe mai kallo. A zahiri kuwa, mafi yawan lokuta zaman shi ne daidai. Masu aikin ceto daga inda aka ga mutum na ƙarshe suke farawa, su riƙa faɗaɗa da'ira, kuma duk kilomita ɗaya da ɓataccen ya ƙara yana ƙara girman filin da za a bincika. Labarin Geraldine Largay ya isa izina. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai shekara 66, wadda take tattaki a hanyar Appalachian a jihar Maine ta Amurka. A ranar 22 ga Yuli, 2013, ta ɗan ratse daga hanya don ta kama ruwa, da ta juyo sai ta kasa gane inda ta fito saboda duhun itatuwa. Ta rubuta wa mijinta saƙo, bai tafi ba, sai ta riƙa hawa tudu tana neman sabis, wanda hakan ya ƙara nisanta ta da hanyar. Daga baya ta kafa tanti ta zauna, amma a wuri mai rufin ganye da ba a iya hangowa daga sama. Ta rayu kusan kwana 26 tana rubutu a littafinta, kuma sai a Oktoban 2015 aka tsinci gawarta, kimanin kilomita uku kacal daga hanyar.

Lokacin da zuciya ta fara raya wa mutum cewa wannan wurin bai yi kama da inda ya biyo ba, a nan take ya kamata ya tsaya cak, ya zauna, ya sha ruwa, ya bar bugun zuciyarsa ya lafa, domin firgici shi yake sa ƙafa sauri. Sai ya sa alama a inda yake, ya ɗaura ƙyalle mai haske ko ya tara duwatsu, in zai gwada neman hanya ya yi gajeruwar tafiya ya dawo kan alamar, ya sake gwada wata fuskar, ba tare da alamar ta ɓace masa ba. Idan hakan bai yi ba, sai ya nemi fili mafi kusa inda za a iya ganinsa daga sama, ya shimfiɗa duk wani abu mai launi, ya tanadi ɗanyen ganye da zai zuba a wuta don hayaƙi ya tashi. Usur ya fi ihu, saboda murya takan dishe cikin sa'a guda, kuma busa uku a jere alama ce ta neman agaji da masu ceto suka sani. Madubi ƙarami yana aika haske nesa ƙwarai idan akwai rana. Wanda kuma zai ratse don biyan buƙata, ya waiwaya ya dubi hanyar da kyau kafin ya shige, ya bar sandarsa ko wani abu a bakinta.

Akwai masu kawo hujja da waɗanda tafiya ce ta cece su, kuma gaskiya ne akwai su, sai dai yanayinsu daban ne. Juliane Koepcke, yarinya 'yar shekara 17 da ta tsira ita kaɗai daga jirgin da ya faɗi a dajin Amazon na ƙasar Peru a jajibirin Kirsimetin 1971, ta bi ƙorama har ta kai ta ga wata bukkar masu aiki a daji bayan kwana goma, amma ita ta taso ne a tashar binciken iyayenta a cikin irin wannan dajin, kuma rufin itatuwa ya hana jiragen nema ganin komai. Haka ma Nando Parrado da Roberto Canessa, cikin mutum 16 da suka tsira daga jirgin ƙasar Uruguay da ya faɗi a tsaunukan Andes ranar 13 ga Oktoba, 1972. Ba su kama hanya ba sai bayan sun ji a rediyo cewa an daina nemansu, kuma sai da suka jira sanyi ya ragu, suka ɗinka jakar barci da kayan da suka ciro daga jikin jirgin, sannan suka yi tafiyar kwana goma har suka gamu da wani makiyayi a ƙasar Chile. Ana tashi ne idan an tabbata babu mai zuwa, ko kuma wurin da ake ya zama hatsari, shi ma da shiri. Wanda ya bar cikakken saƙo a gida ya san ana zuwa, don haka zama ya fi masa sauƙi.

Ruwa, da dabarun da fim yake ƙawatawa

A nan ne ƙaryar fim ta fi yawa. Ana nuna jarumi yana shan fitsarinsa, alhali fitsarin mai ƙishirwa cike yake da gishiri da dattin da ƙoda ta fitar, shansa yana ƙara wa jiki aiki ne. Ana nuna ana tsaga tsiron hamada ana shan ruwansa, alhali da yawa daga cikin irin waɗannan tsirrai suna sa amai da gudawa, masu farin ƙaro irin su tinya da tumfafiya kuwa guba ne. Cin dusar ƙanƙara kai tsaye yana sauke zafin jiki, shi ya sa waɗanda jirginsu ya faɗi a Andes suka riƙa narkar da ita a kan fallen ƙarfe a rana. Sai kuma tattalin ruwa fiye da kima, inda mutum zai riƙa jiƙa leɓe kawai yana tafiya cikin rana, har hankalinsa ya gushe da sauran ruwa a gorarsa. Abin da ake tattali shi ne gumi. Mai tafiya cikin zafi yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace sa'a, saboda haka idan ruwa ya yi ƙaranci a sha daidai buƙata, a fake a inuwa daga hantsi zuwa la'asar, a rufe jiki da kai, a rage magana da cin abinci, a yi tafiya da sassafe ko da sanyin yamma. A riƙe 'yan ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti a jaka, domin mai yawan gumi ba ruwa kaɗai yake asara ba. Ruwan rafi kuwa a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a kan tsauni mai tsayin da ya wuce mita 2,000 a ba shi minti uku. Amma idan babu halin tafasawa kuma ƙishirwa ta kai intaha, a tace da ƙyalle a sha, domin ciwon ciki yana da magani a asibiti.

Mu ba sai mun je sinima ba kafin mu san abin da ƙishirwa take yi. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, mafi yawansu mata da yara, a hamadar arewacin Arlit a Nijar kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. Duk mai shiga irin wannan wuri ya lissafa ruwansa da kwanakin da zai yi idan mota ta mutu, ba da sa'o'in da tafiyar take ɗauka idan komai ya tafi daidai ba.

Kunna wuta da murza itace shi ma abu ne da ake nunawa cikin daƙiƙa goma, amma wanda bai taɓa koya ba zai iya yini yana yi tafin hannunsa ya saluɓe bai ga hayaƙi ba. Laita biyu da ashana a ƙulle cikin leda sun wadatar.

Sarar maciji

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin abin da fim yake koyarwa ya yi daidai da abin da aka saba yi a ƙauyukanmu, kuma duka biyun suna kashe mutane. Ana ɗaure ƙafa tamau da igiya, a yi tsaga a wurin saran, a tsotse da baki, wani lokaci a manna baƙin dutse. Tsotsa ba ta fitar da dafin da ya riga ya shiga nama. Ɗauri mai tsanani yana hana jini gudu har gaɓar ta ruɓe a kai ga yanke ta. Tsaga kuwa ta fi muni idan kububuwa ce ta yi saran, domin dafinta yana hana jini daskarewa, sai ƙaramin yanka ya yi ta zuba ba tsayawa, kuma kububuwa ce ta fi yawan sara a yankunan duwatsu da gonaki irin na Gombe da Filato da Taraba. Abin yi shi ne a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaura wa gaɓar karan ɗori don kada ta motsa, a ɗauke shi ba tare da ya taka da ƙafarsa ba, a nufi asibitin da yake da allurar dafin maciji, kamar na Kaltungo a jihar Gombe wanda ya shahara da wannan aiki. Kada a ɓata lokaci wajen neman macijin don a kashe, kuma kada jin sauƙi na farko ya yaudari kowa, domin zubar jinin kububuwa takan bayyana ne daga baya. Tun kafin a fita ya kamata a san asibiti mafi kusa da yake da allurar, a kuma sa takalmi mai rufe idon sawu, a daina zura hannu a ramin dutsen da ba a ga cikinsa ba.

Ƙin juyawa

A ranar 10 ga Mayu, 1996, masu hawan tsaunin Everest sun tashi da sanin cewa duk wanda bai kai ƙololuwa ba zuwa wajen ƙarfe biyu na rana ya kamata ya juya, amma wasu ba su isa ba sai ƙarfe huɗu, ciki har da mutumin da ƙwararren jagora Rob Hall yake rakiya. Guguwa ta riske su a hanyar sauka, iskar da suke shaƙa a tukwane ta ƙare, mutum takwas suka rasu. Wannan cuta ba ta manyan tsaunuka kaɗai ba ce. Mutum ya kashe kuɗi, ya yi tafiya mai nisa, ga abokai suna kallo, ga ƙololuwa kamar a miƙa hannu a taɓa, sai ya ji kunyar cewa a koma. Maganinta shi ne a tsayar da lokacin juyawa tun ana ƙasa, a faɗa wa kowa da kowa, kuma a yarda cewa mafi rauni a cikin tawagar shi ne ma'aunin saurin tafiya, ba a barinsa a baya da sunan zai tarar. Sauka ta fi hawa yawan hatsari, saboda ƙafa ta gaji ga duhu yana gabatowa, don haka tocilan goshi da batir na ƙari suna shiga jaka ko da tafiyar yini ce. Haka ma rigar sanyi da ta ruwa. Mutanenmu sukan raina sanyi, amma jiƙaƙƙen mutum da iska take kaɗawa a kan tsaunukan Mambila ko a kan Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, zafin jikinsa yana iya faɗuwa har ya fara sambatu ba tare da an ga ƙanƙara ba, kuma rigar auduga idan ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan.

Kuskure na ƙarshe shi ne bin sawun fim ɗin kansa. Bayan labarin McCandless ya yaɗu, mutane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa zuwa ganin bas ɗin, aka yi ta aikin ceto, mata biyu suka nutse a kogin Teklanika, ɗaya a 2010 ɗaya a 2019, har hukumomin Alaska suka sa jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke bas ɗin a watan Yunin 2020. Sun kalli fim ɗin, sun san kogin ne ya tare shi, duk da haka suka shiga ruwan. Abin da ya kamata baƙo ya yi a kowane daji shi ne ya fara da mutanen wurin, ya gaida mai gari, ya tambayi mafarauta da makiyaya inda ruwa yake a wannan watan da kuma rafin da yake cika, ya ɗauki ɗan jagora ya biya shi haƙƙinsa, in gandun daji ne irin Gashaka Gumti ko Yankari ya yi rajista da ma'aikatansa ya shiga da rakiyarsu. A arewacin Najeriya a yau akwai ƙarin tambaya guda da take gaba da duk sauran, wato halin tsaro, domin dazuzzuka da dama sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma labarin makon jiya ba ya isa hujja a wannan makon. Idan mutanen gari suka ce kada a shiga, sai a ɗage tafiyar zuwa lokacin da su da kansu suka koma shiga.